Ɓargon 'Yar Damari

Ni dai Allah ya yi ni da tambaya. Inna Kulu, wadda ta rene ni, takan ce tun ban iya ɗaura zane ba nake tsare manya ina tambayarsu dalilin da ya sa baƙar akuya ke haifar fari. Shi ya sa ranar da ƙanwata Hussaina ta ce mini an goga musu auduga a cikin baki don a nemo wa Kamilu magani, ban bari ta kai ƙarshen zancen ba na ajiye gyaɗar da nake ɓarewa na fuskance ta.

Amma bari in fara faɗa muku yadda muke. Sunana Lauratu, ni ce 'yar fari a gidan Malam Barau na Mabai, a ƙasar Kankara. Ana yaye ni aka goya ni zuwa Damari, can ƙasar Sabuwa, aka damƙa ni ga yayar mahaifina, Inna Kulu, wadda Allah bai ba haihuwa ba. Kyauta aka yi da ni, ba riƙon 'yan watanni ba. A Damari na yi wayo, a can na yi makaranta, a can na auri Gide tela. Mahaifiyata kuwa, Nana Aisha, ba ta taɓa kiran sunana ba, saboda kunyar ɗan fari. In dole ta kama ta ambace ni sai ta ce 'yar Damari, ko kuma waccan. In na durƙusa na gaishe ta, bango take amsa wa. Ban taɓa ɗaukar haka a matsayin ƙiyayya ba, don haka na ga ana yi a kowane gida, amma ƙarya nake in na ce abin bai taɓa sosa mini rai ba. Ni ma a bayan idonta Innar Mabai nake ce mata.

Bayana aka haifi tagwaye, Hassana da Hussaina, sai Jabiru, sai auta Kamilu. Hassana ta rasu tana ƙarama, hannuwa a kumbure, idanu rawaya, mutane suna ta cewa sanyi ne ya shiga ƙashinta. Da Kamilu ya zo da irin wannan ciwo, an riga an san sunan abin: sikila. Shekararsa goma sha biyu amma in ka gan shi sai ka ba shi takwas. Baki ne dai Allah ya ba shi fiye da kowa a gidan. Duk damina in sanyi ya sauka sai ya kwanta yana ihu, yana cewa ana sara masa ƙafa da gatari.

A daminar da nake ba ku labari abin ya wuce na kullum. Ya faɗi a tsakar gida, bakinsa ya karkace, hannunsa na hagu ya ƙi ɗaguwa sai bayan kwanaki. Labari na iso mini na shirya dubiya. Na bar Damari da hantsi, lokacin da hanya ke da mutane, na bi ta Dandume da Funtua da Sheme, ina ta roƙon Allah kada motar ta lalace mana a daji. Na samu Kamilu ya ɗan farfaɗo har yana tsokanar kaji. Washegari ne muna zaune da Hussaina a ƙarƙashin rumbu ta kawo zancen audugar nan.

"Auduga cikin baki? Ta mi?" na ce.

"Wasu likitoci ne masu bincike sunka zo asibitin Kankara," in ji ta. "Sun ce akwai aikin da ake yi a Legas, a sauya ma yaro ɓargo, shi rabu da sikila har abada. Su ke ɗaukar nauyin komi. Sun zaɓi Kamilu don nashi ya tsananta. Amma sai an samu ɗan'uwa wanda ɓargonshi ya zo ɗaya da nashi."

"To sai me?"

"Anka gwada ni, anka gwada Jabiru. Ba wanda ya dace. Sistar asibitin ta ce shi ke nan, sai haƙuri."

"Ni fa? Mi ya sa ba a kira ni ba?"

Hussaina ta kalle ni kamar na tambaye ta me ya sa ba a gwada akuyar gidan ba. "Ai ɗiyan Inna anka ce a kawo," ta ce. Sai da maganar ta fita ta ji nauyinta, ta sunkuyar da kai tana wasa da ɓawon gyaɗa.

Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye ba. Amma tambaya ta fi fushin ƙarfi. Me auduga za ta gani a bakin mutum har ta san abin da ke cikin ƙashinsa? Ban yi shawara da kowa ba, da safe na hau mashin ɗin haya na nufi Kankara, na yi ta tambaya har aka nuna mini ɗakin masu sikila.

Wadda na tarar sunanta Sista Rifkatu, doguwa mai gilashi, 'yar wani ƙauye kusa da Kankara, ita ce ke haɗa likitocin Legas da iyayen yara. Na ce mata ni yayar Kamilu ce na Mabai.

"Yayarshi ta wane ɓangare? 'Yar baffa ko 'yar gwaggo?"

"Uwa ɗaya uba ɗaya."

Ta cire gilashin ta dube ni. "A'a. Ni na tambayi mahaifiyarshi da bakina, na ce ɗiyanki nawa ke raye, ta ce mani uku."

"Ni ce ta fari."

Sista ta dafe kai da hannu biyu. "Allah mai iko! Kakata har ta mutu ba ta taɓa ƙirga babana cikin ɗiyanta ba. Na san wannan sarai, amma na sa farar riga na manta. Zauna, zauna don Allah."

Na zauna, kuma ranar Sista ta gane ta gamu da gamonta. Na ce kafin a sa mini komai a baki sai an yi mini bayani. Ta ce jini ba a jijiya ake yin sa ba, a cikin ɓargo ake yin sa. Na ce ɓargon da muke tsotsa a ƙashin rago? Ta ce shi fa. A cikinsa akwai wasu ƙwayoyi ƙanana da ido ba ya gani, su ne uwayen jini. Su ke haifar jajayen ƙwayoyi da farare, kullum suna haifa, kuma ba sa ƙarewa don suna haifar irinsu. Na Kamilu suna ɗauke da wani kuskure da ya gada, rabi daga Baba rabi daga uwarmu, shi ya sa jajayen da suke haifa ke lanƙwashewa su toshe hanya. In aka kawar da uwayen nan aka dasa masu lafiya, sai su ci gaba da yi masa jini mai kyau.

Ban yarda ba sai na gani. Ta kai ni wani ɗaki, ta ɗan soke mini yatsa, ta shafa jinin a gilashi ta sa a ƙarƙashin na'urar da ke girmama abu. Na leƙa na ga wasu ƙwayoyi zagaye-zagaye kamar an zube ƙananan waina a faranti. Ta sauya gilashin da na wani mai sikila, sai ga su nan wasu a lanƙwashe kamar lauje. Na daɗe ina kallo har wuyana ya ƙage. Wai wannan ɗan abin ne ya kai Hassana kabari.

"To mi ya hana a ɗebo na kowa a zuba mashi?" na ce.

"Jiki yana da masu gadi, ba su karɓar baƙo," in ji ta. "Kowace ƙwaya tana da shaida a jikinta, kamar yadda ake yi ma shanu. Shaidar nan gadonta ake yi, rabi wajen uba rabi wajen uwa. Audugar tana kwaso ƙwayoyin cikin kumatu ne, a karanta shaidar. In kuna uwa ɗaya uba ɗaya, a cikin huɗu akan samu ɗaya da ya zo daidai."

Nan na yi tambayar da ta fi damuna. "Ni da na sha ruwan Damari, na ci tuwon Damari tun daga yaye, jinina bai koma na can ba?"

Ta yi dariya har da tafa hannu. "Ko Makka anka kai ki, shaidar Mabai ce a jikinki."

Ta ƙara gaya mini cewa a ƙasashen waje yanzu har an fara ciro uwayen jinin mai ciwon da kansa, a gyara wurin kuskuren a mayar masa, ba sai an nemi ɗan'uwa ba, sai dai abin bai iso mu ba tukuna. Na so in ji da wane irin almakashi ake yanka abin da ido ba ya gani, amma layi ya taru a waje. Ta goga mini audugar a kumatu, na koma Mabai ban ce wa kowa komai ba, na wuce Damari.

Dawa ta fara fitar da kai lokacin da wayar Sista ta shigo. Ta ce shaidata da ta Kamilu sun zo ɗaya, ko tagwaye sai haka. Ta ce ina ɗauke da rabin kuskuren nan kamar iyayenmu, amma wannan ba ya hana. Na tsaya riƙe da wayar a tsakar gida ina dariya ni kaɗai. A zatona an gama mai wuyar, ashe ban san mutanena ba.

Gide bai ja zance ba, ya ce in dai ba za a dawo masa da ni a gurgunce ba, Allah ya ba da sa'a. Inna Kulu ce ta saurare ni har na gama tana kaɗa miya, ba ta ɗago ba.

"Yanzu sunka tuna da ke?" ta ce. "Ɓargo fa shi ne ƙarfin mutum. A zuƙe maki shi ki dawo mani kamar karan da gara ta ci?"

"Inna, kaɗan za a ɗiba, kuma yana tofowa."

"Wa ya gaya maki? Wa ya leƙa ya gani?" Ta ajiye maburgin. "Ranar da Barau ya kawo mani ke, bai ce mani in buƙata ta taso zai zo shi ɗiba ba. Kuma har yau ba wanda ya tako ya tambaye ni. Ta waya anka gama magana, ni ina nan kamar turmi."

Ina iya tafiya ba da izininta ba, ni ba yarinya ba ce. Amma in na yi haka kamar na ce mata duk shekarun da ta yi tana ɗawainiya da ni ajiya aka ba ta. Matar da ta kwana a zaune lokacin da na yi ƙyanda, ba zan iya yi mata haka ba. Na aika wa Mabai cewa su zo su yi mata magana. Amsar da ta dawo ta bakin Hussaina ita ce, Baba ya ce ba shi da bakin da zai tambayi yayarsa abin da ya ba ta da hannunsa. Innar Mabai kuwa, da aka gaya mata 'yar Damari ta dace sai ta tashi ta shiga ɗaki.

Haka aka zauna, kowa yana jin kunyar kowa, yaro yana ƙarewa. Ciwon ya sake kayar da shi. Sista ta kira ta ce in ya ƙara faɗuwa irin ta farko, likitoci za su iya cewa jikinsa ba zai ɗauki aikin ba. Ranar na sauke wa Gide duk abin da ke cikina. Na ce wace irin al'ada ce wannan, mace ta haifi ɗa ta kasa ƙirga shi, ta gwammace ta rasa wani a kan ta buɗe baki. Gide yana bisa keken ɗinki bai ko tsaya ba.

"Ke fa," ya ce, "yaushe rabonki da kiran sunan Khairiyya?"

Khairiyya ita ce 'yata ta fari, tun da na yaye ta take kwana a ɗakin Inna Kulu. Na tsaya ina tunowa. Ke, yarinyar nan, 'yar Inna, su ne sunayen da nake kiranta da su. Ba wanda ya koya mini, kuma Allah ya sani in ta yi tari a ɗakin can ni nake fara ji. Na ce masa ya kula, ɗinkinsa ya karkace, na fita.

Ba a yi mako ba, wata rana da azahar ina wanki a bayan ɗaki na ji mashin ya tsaya a ƙofar gida, na ji sallamar mace. Muryar na sani, amma ban taɓa jin ta a Damari ba, don ko bikina ba ta zo ba. Na leƙa ta kafar zana. Innar Mabai ce, jar laka har gwiwa, da ƙullin daddawa a hannu. Matar da ko Kankara ba ta zuwa sai ciwon Kamilu ya kai ta, ita ce ta biyo wannan hanyar ita kaɗai. Ta durƙusa a ƙofar ɗakin Inna Kulu. Ni kuwa na laɓe a inda nake, don ba yau na fara ba.

Suka daɗe suna gaisuwa, suka tambayi damina, suka tambayi zaman ɗar-ɗar da ake ciki. Sannan Innar Mabai ta kawo abin da ke tafe da ita.

"Yaya, roƙo na zo," in ji Innar Mabai. "Ɗiyarki nike so ki ara mani."

"Ɗiyata?"

"Ɗiyarki. Ni ba ni da komi gare ta. Na binne Hassana, Yaya. Ban iya binne wanga."

Inna Kulu ta gyara zama. Ina jin ƙarar carbinta.

"Aro kika ce?"

"Aro."

"To shi aro ana maido shi yadda anka ɗauke shi. Kuma ni ban ba da kayana aro in zauna gida. Da ni za a tahi."

Na zauna a kan bokitin da na kife. Daɗi ya kama ni don Kamilu ya samu hanya, amma maganar nan, ni ba ni da komi gare ta, ta tsaya mini a ƙirji kamar ƙaya. Na san dole ce ta sa ta faɗa, ba wata kalmar da za ta buɗe ƙofar Inna Kulu sai ita. Duk da haka na ji zafinta.

Bayan an girbe masara muka tafi Legas, ni da Kamilu da uwayen nan biyu da Sista Rifkatu. Labarin Inna Kulu a Legas shi kaɗai sai ya ci yini. Ta tsare babban likitan, wani dattijo da ba ya jin Hausa, ta sa Sista ta tambaye shi ko shi ya taɓa bari an ɗebi nasa ɓargon. Ta tambaye shi ko zan ƙara haihuwa. Ya amsa mata ɗaya bayan ɗaya bai gaji ba. Nan na gane ashe tambayar nan tawa ba a ɓargo na gado ta ba, a Damari na ɗauko.

Likitan bai ɓoye mana komai ba. Ya ce kafin a dasa nawa sai an kashe na Kamilu da magani mai ƙarfi, kuma a tsakanin nan ko mura tana iya tafiya da shi. Ya ce akwai yaran da jikinsu ke ƙin baƙon, akwai waɗanda baƙon ke juyawa ya yaƙi jikinsu. Innar Mabai ta saurara ta ce a yi, ran kowa na hannun Allah. Aka sa Kamilu a wani ɗaki mai bangon gilashi, ba mai shiga sai ita, ita ma sai ta rufe baki da hanci ta sa wata riga kamar buhu. Gashinsa ya zube kaf. Yana ganina ta gilashin sai ya shafa ƙoƙon kansa ya yi mini gwalo.

Nawa aikin ban san yadda aka yi shi ba, don barci aka sa ni. Na farka da ciwo a ƙugu kamar na wuni ina surfe, Inna Kulu na tsaye a kaina tana lallatsa mini ƙafafu ta ji ko suna nan. Na roƙa aka tura ni a keke zuwa bakin gilashin don in ga abin da aka ɗiba. Yana rataye a cikin leda, ja ne mai duhu, ya fi jini kauri. Na tambayi Sista inda za a tsaga Kamilu a zuba.

"Ba tsagawa," ta ce. "Ta jijiya zai shiga, kamar ƙarin ruwa."

"To ya za su san hanyar ƙashi?"

Ta juya ta tambayi likitan. Ya ce suna bin jini suna zagaya jiki, ɓargo kuma yana sakin wani abu kamar ƙanshi da ke kiransu, in sun ji sai su ratsa su shiga su zauna. Ya ce yadda suke zaɓar wurin zama har yanzu ana kan bincike, ba a gama sani ba. Wannan amsar ta yi mini, don mutumin da ya iya cewa bai gama sani ba shi nake yarda da shi. Na zauna ina kallon abin yana ɗiga a hankali yana shiga hannun ƙanena. Innar Mabai na gefensa, idonta a kan ledar, ko sau ɗaya ba ta dubi inda nake ba.

Makonnin da suka biyo baya ba na son tunawa da su. Zazzaɓi ya rufe shi, bakinsa ya yi gyambo ko ruwa ba ya iya haɗiya, gwalon ma ya daina. Kullum a ɗebi jininsa a duba ko baƙin sun fara haihuwa, kullum a ce tukuna. Na fara zargin kaina, ko ɓargona ma taurin kai gare shi. Sai wata safiya Sista ta fito da sauri har gilashinta na neman faɗuwa, ta ce sun kama. Inna Kulu ta rangaɗa guɗa a tsakiyar asibitin mutane har masu gadi suka taho.

Ni da Inna Kulu muka riga su dawowa. Ta kai ni har ƙofar Gide, ta sa na yi tafiya a gabanta ta tabbatar ba na ɗingishi. Kamilu da uwarmu sai da suka ƙara watanni a can kafin a sallame su.

Damina ta sake zagayowa, ruwa ya sauka, sanyi ya shiga, Kamilu bai kwanta ba. Ranar da Sista ta ce a kawo shi Kankara a ji sakamakon babban gwaji, na ce ba za a yi ba ni ba. Inna Kulu ta biyo ni. Muka tarar da shi da Hussaina da Innar Mabai a kan dogon benci a ƙofar ɗakin masu sikila, Kamilu ya yi kumatu, sabon gashi ya fito masa. Na durƙusa na gaishe da Innar Mabai, ta amsa wa bango, na koma can ƙarshen bencin na zauna.

Sista ta fito ta ce kusan duk jinin da ke jikin Kamilu yanzu daga ƙwayoyina yake. Ta ce in aka ɗebi jininsa aka kai wa wanda bai san labari ba ya karanta, cewa zai yi na mace ne, kuma macen ni ce.

"To ba zai koma mace ba dai?" na ce.

"A'a, jinin ne kaɗai. Sauran jikinshi nashi ne. Ɗiyan da zai haifa ma nashi gadon za su ɗauka, shi ya sa in ya tashi aure dole a yi gwaji."

Hussaina ta fashe da dariya ta ce daga yau sunansa Lauratu ƙarama. Kamilu ya ce shi ya sa tun da ya dawo bakinsa ba ya gajiya da tambaya. Ana cikin wannan Innar Mabai ta yi gyaran murya. Idonta a ƙasa yake.

"Sista, watau jinin da ke gudu jikin yaron ga ba nashi ba ne?"

"Na Lauratu ne, Inna. In Allah ya yarda har ƙarshen rayuwarshi ɓargonta ne zai riƙa yi mashi jini."

"Ba shi komawa Damari?"

"Ba shi komawa. Ya zauna ke nan."

Na saci kallon Inna Kulu, don ita ta ce aro ana mayar da shi yadda aka ɗauke shi. Ta yi kamar ba ta ji ba, ta miƙe ta ce za ta nemo ruwan alwala, alhali ko azahar ba ta yi ba.

Innar Mabai ta kamo hannun Kamilu, ta ɗora babban yatsanta a wuyan hannun, daidai inda jijiya ke bugawa. Ta riƙe. Kamilu ya ɗan jure, sannan ya fara mutsu-mutsu.

"Inna, sake ni mana, ai ba ni jin ciwo."

"Tsaya," ta ce. Da shi take magana, ba ta waiwayo ba. "Tun ranar da anka goya ta anka tahi da ita ban ƙara riƙe ta ba. Tsaya in riƙe."

Ni da ba a taɓa faɗar magana a gabana ban sami tambayar da zan ɗora a kai ba, ranar ba ni da ko ɗaya. Na ja gefen mayafina na rufe fuska na yi kuka, kuka na sosai, a gaban duk masu jiran layi. Ba ta kira sunana ba, har yau ma ba ta kira ba. Amma ba ta saki hannun ba har Sista ta kira mai bi mana.